Hasken da Ke Haƙorin Inna

Da damina ne, a shekarun nan da Abuja ta haukace da gini, Inna ta zo mini daga Zariya ta ce garin wari yake yi.

Lokacin farar hula sun zauna daram, man fetur ya yi daraja a kasuwar duniya, duk wanda ya san wani a ma'aikata ya canza mota. In ka kwana biyu ba ka bi wata hanya ba, sai ka tarar an dasa bene a inda ka saba sayen gasasshiyar masara. Ni injiniya ne a sashen magudanun ruwa na wata ma'aikata. Kwalbati da lambatu su ne aikina, kuma ina ji da aikin nan fiye da kima. Shi ya sa da mahaifiyata ta sauko daga mota a tashar Utako, ta yatsine fuska, ta ce, "Me ya mutu a garin nan?" sai na ji kamar ni ta zaga.

Na ce, "Inna, tasha ce. Kowace tasha haka take."

Muka isa gida, warin ya riga mu zuwa. Ta leƙa firji, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta sa matata ta sauke labulaye duka aka wanke. Ta yi ta zuba turaren wuta a kasko har maƙwabcinmu ya shigo da bokitin ruwa yana tambayar ta ina gobarar ta fara. Ni kuwa da zuciya ta ɗebe ni na kira masu motar kwashe sokawe, wato ramin ƙazantar bayan gida. Suka buɗe, suka leƙa, suka ce, "Oga, ai bai yi ko rabi ba." Na ce su kwashe a haka.

Ranar Asabar na ɗauke ta a mota na zaga da ita Maitama, unguwar da har karnuka ana yi wa wanka da sabulu mai ƙamshi, masu gadi na goge ƙofofi kamar za a ci abinci a kai. Na sauke gilashi na ce ta shaƙa. Ta shaƙa, ta yi maza ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Nan ma ya fi," in ji ta. "Dukiyar haram ce take ruɓewa a ƙarƙashin gidajen."

Na so in yi gardama, amma ina aiki a ma'aikata, na san wasu daga cikin masu gidajen.

Matata ce ta gano bakin zaren. Ta ja ni gefe ta ce in lura: Inna da ɓarin dama kaɗai take tauna, hancin hagu kaɗai take sharewa, kuma in ta sunkuya sujada takan daɗe kafin ta ɗago, tana dafe da kunci. Warin yana cikin fuskarta, ta taho da shi tun daga Zariya. Muka je wurin likitan hanci, ya haska, ya ƙwanƙwasa mata haƙori ɗaya da ɗan ƙarfe, Inna ta zabura har ɗankwalinta ya zame. Ya ce wannan ba nasa ba ne, mu je wurin likitan haƙori a yi hoto na musamman.

Haƙorin da ya ƙwanƙwasa kuwa shi ne haƙorin Makka.

Sai na ɗan koma baya. Mahaifina malamin firamare ne, mutum mai faɗa da cikawa. A waccan wadatar man fetur ta farko, muna yara, ya haɗa ɗan abin da ya tara ya tafi aikin Hajji da Inna. Kafin su tashi, a zauren gidan su Inna, gaban yayyenta da ƙannenta, ya ce ba zai dawo musu da 'yar'uwarsu ba sai da haƙorin zinariya tsantsa. Dangin Inna 'yan kasuwa ne, dama can suna yi wa malamin makaranta kallon mai alli a aljihu, sai suka yi murmushi. Aka dawo, Inna ta buɗe baki ta gaishe su, ga shi nan a sama ta hagu, bayan fiƙa, yana walƙiya. Daga ranar ba wanda ya sake yi wa Malam wannan murmushin har ya koma ga Mahaliccinsa.

Kowace safiya ta Allah, Inna takan rufe ɗaki da 'yar toka a tafin hannu da ɓarin lemon tsami, ta goge haƙorin nan kafin ta yarda kowa ya ga fuskarta. Muna tsokanarta da cewa tsohuwa ta fi amarya kwalliya. Ko da ta zo Abuja, inda gas muke girki da shi, da tokarta ta taho a ƙulle cikin leda.

Asibitin haƙorin yana Maitama, wani katafaren gida ne aka mayar asibiti, da kifaye a cikin gilashi da sanyin da ke sa mutum ya manta abin da ya kawo shi. Likitar mace ce, 'yar kudu, mai fara'a, ta koyi Hausarta a bakin marasa lafiya da 'yan kasuwa. A kan teburinta akwai ƙoƙon kan mutum na roba, wanda take nuna wa mutane sassan baki da shi. Inna na zama ta gan shi, ta yi salati.

"Wane bawan Allah ne wannan ba a rufe shi ba?"

Na ce roba ce. Ta ce ko roba ce ai yana da haƙƙi, ta ciro hankici ta lulluɓe masa fuska.

Na'urar sabuwa ce fil, ba a daɗe da sauke ta daga jirgi ba. Likita ta bayyana mana cewa hoton da muka saba gani shafe yake, komai ya hau kan komai. Wannan kuwa tana zagaya kai ne ta ɗauko shi ta kowane ɓangare, sai a haɗa a samu kan mutum sukutum, a juya shi, a leƙa cikinsa. Mutum zai tsaya a tsaye, ya ɗora haɓa, ya ciji ɗan tsinke, shi ke nan.

Inna ta ce, "Komai da komai take gani?"

"Komai na ƙashi, Mama."

"Tana bambanta ƙarfe da ƙarfe?"

Likita ba ta gane tambayar ba, ni ma ban gane ba. Ta ce dai a cire 'yan kunne da sarƙa. Nan take Inna ta miƙe ta ce ta tuna ba ta yi walaha ba, mu koma gida sai wani jiƙon. Raina ya ɓaci. Na ce na baro ofis, na kwashe sokawen da bai cika ba, na sha hayaƙin turare har tufafina sun zama na mata, yau ba inda za mu sai an yi hoton nan. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana. Ta dube ni ta ce, "Kai wannan, zuciyar ubanka ka ɗauko." Sannan ta cire 'yan kunnen.

Ta tsaya a cikin na'urar ido a rufe, leɓɓanta na motsi. Likita ta leƙo ta ce, "Mama, ka yi addu'an a zuciya, bakin yana lalata hoto." Inna ta buɗe ido ɗaya ta harare ta, ta rufe. Hannun na'urar ya zagaya kanta a hankali yana ɗan kuka, ya tsaya.

Ban shirya wa abin da na gani ba. Ƙoƙon kan mahaifiyata ne ya bayyana a allon kwamfuta, ba fata, ba ido, haƙora a waje, likita na juya shi da yatsa ɗaya. Ita kuma mai kan tana zaune a gefena tana mayar da ɗan kunne. Tsoro ya kama ni, na gaske. Na ga abin da ba a so ɗa ya gani tun uwarsa na da rai.

Inna kuwa ta matso ta ƙura ido. "Ashe kunnuwa ba su da ƙashi," in ji ta.

Likita ta shiga yanka hoton fale-fale, tana shiga cikin fuskar daga gaba zuwa baya. Ta nuna mana cewa a cikin ƙashin kunci, hagu da dama na hanci, kowane mutum yana da kogo, ɗan ɗaki da ba komai a ciki sai iska. Na daman Inna baƙi ƙirin ya fito, wato lafiya lau. Na hagun kuwa ya yi toka-toka har wuya, ya cika da mugunya. Daɓen ɗakin siririn ƙashi ne, a ƙarƙashinsa saiwoyin haƙoran sama suke. Kogon Inna babba ne, ya miƙo gaba fiye da na yawancin mutane, har saiwar haƙorin Makka ta taɓo daɓen. Haƙorin ya mutu a ƙarƙashin rufin ƙarfen da aka sa masa tun ba yau ba, ruɓar ta bi saiwa ta huda daɓen ta shige ɗaki. Sai likita ta ɗaga alkalaminta zuwa rufin kogon ta ce wannan rufin shi ne kuma daɓen kwarmin ido, kuma bai fi ɓawon ƙwai kauri da yawa ba.

Na ce, "To ta ina ɗakin yake zubar da ruwa?"

Ta nuna mini wata 'yar ƙofa da ke buɗewa cikin hanci. A sama take, can kusa da rufi.

Na ce ta juya hoton, ta yiwu a kife yake. Ta ce daidai yake. Na miƙe tsaye. Shekara da shekaru ina korar 'yan kwangila a kan abin da bai kai wannan ba. Magudana a saman ɗaki! Ruwa zai hau bango ke nan ya fita? Na ce, "Wa ya sa hannu a wannan zane?"

"Ka yi istigfari," in ji Inna, ba ta ko dube ni ba.

Na yi istigfari na zauna. Likita na dariya ta ce bangon ɗakin a shafe yake da wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, su ke share majina suna tura ta sama zuwa ƙofar, dare da rana, tun daga haihuwa. In dai ba a fi ƙarfinsu ba, ɗakin ba ya taɓa cika. Na shiga tunanin leburorin da ba su taɓa zuwa yajin aiki ba, ba su kuma taɓa neman a sake duba kwangila ba.

A nan ne Inna ta miƙa yatsa ta ce, "Wancan fa?"

A daidai haƙorin Makka, hoton ya yi fari fat, kuma daga farin nan wasu tsirkiyoyi sun fita ta ko'ina, dogaye, masu kaifi, sun ratsa harshe da kunci har sun fice daga fuskar, kamar yadda yara ke zana rana a allo. Sauran haƙoran duk suna zaune dishi-dishi. Shi kaɗai ke haskawa.

Likita ta ce, "Wannan ba komai, ƙarfe ne yana rikita na'ura."

Ba na jin Inna ta ji ta. Ta sa tafin hannu ta rufe baki, hawaye suka zubo mata. Rabona da ganin hawayen Inna tun ranar da aka fita da Malam. Ta ce, "Allahu Akbar. Malam, ka gani?" Sai ta roƙi a fitar mata da hoton a takarda, babba.

Likita ta fitar, sannan ta gyara zama ta faɗi abin da ya kawo mu. Magani zai kwantar da ciwon na ɗan lokaci, amma muddin haƙorin na nan, ruɓar za ta dawo. In ta cika ɗakin ta rasa hanya, sama za ta nufa, kuma a sama ido ne. Dole a cire.

Inna ta rungume takardar a ƙirji. "Haƙorin da ke haske za ki cire? 'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Mun tafi."

Kuskuren da aka yi shi ne biyawa ta shagon Kawu. Ƙanen Inna ne, yana sayar da shadda da atamfa a kasuwar Utako, yana kuma cikin waɗanda suka yi wa Malam murmushi a zaure. Ya karɓi hoton, ya kalla, ya cire hula ya mayar. Kafin la'asar an manne shi da leda, an sa masa firam, an rataye shi tsakanin kalanda da agogon salla. Ƙoƙon kan yayarsa, haƙora a waje, a saman shaddodi.

Cikin 'yan kwanaki shagon ya zama wurin ziyara. Direbobin tasha suna zuwa, matan ma'aikatu suna tsayawa da motocinsu, ana ɗaukar hoton hoton da waya ana tura wa na gida. Kawu na tsaye yana bayani da sandar awon yadi. "Na'urar Turawa ce fa, ba ta san kowa ba, ba ta karɓar cin hanci. Ita da kanta ta shaida." Cinikinsa ya buɗe har ya ƙara kanta ɗaya. Limamin unguwarmu ya yi huɗuba ya ce bai taɓa ganin wannan a littafi ba, aka ce ai nasa haƙorin na azurfa ne shi ya sa.

Daraktana a ofis, mutumin da ya yi digiri biyu a waje, ya kira ni ya rufe ƙofa. Na ɗauka maganar kwalbatin da ruwa ya cinye ce. Sai ya ɗage leɓe ya nuna mini nasa haƙorin, ya tambaye ni adireshin asibitin.

Likita ta kira ni a waya tana haki. Ta ce alhazai sun cika mata ɗakin jira, manya da manyan riguna, ba mai ciwon komai. Ta gaya musu ba a shiga na'urar don sha'awa, haskenta ba abin wasa ba ne. Wani ya ce mata, "To tunda ba ni da ciwo, ki duba mini Hajjin kawai." Wani kuma ya je Hajji sau uku, yana so a gaya masa wacce aka karɓa. Ta ce, "Oga injiniya, ka zo ka kwashe mutanenka. Kuma ina Mama? Ka kawo shi, ba wasa nake ba."

Ba wasa take ba. Maganin da ta ba mu ya ƙare, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Inna ta daina jin ɗanɗanon miya, ta daina cewa gari na wari saboda hancin ya daina jin komai. Kuncin ya tasa. Wata safiya na shiga gaishe ta na tarar fatar idon hagu ta kumbura ta yi ja, ta rufe rabin idon. Tana riƙe da Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe, tana karkata kai tana neman layi da ido ɗaya. Ga toka da lemon tsami a gefe, ta riga ta goge haƙorin.

Na durƙusa na roƙe ta. Na yi faɗa. Na kira Kawu na ce ya sa baki, ya ce, "Injiniya, bokon nan naku yana da iyaka. Wa ya taɓa jin haske ya makanta mai shi?" Na kashe wayar tun kafin in faɗi abin da za a kira taron dangi a kansa. Idon uwata ake magana, kowa kuma ya tsaya yana kallon hoto.

Ina zaune a mota ina huci, na buɗe kwalbar lemo, murfin ya faɗo mini a cinya. Na dube shi. Na koma ciki na ce wa Inna ta shirya, ba cirewa za a yi ba, wani abu kawai zan nuna mata.

Da na gaya wa likita abin da nake so, ta yi dariya har ta dafa tebur, sannan ta ce ai roba ba ta da abin da hasken na'ura zai lalata mata. Muka yaye hankicin da Inna ta bari, wanda ba wanda ya yi ƙarfin halin cirewa. Na cusa murfin kwalbar a tsakanin haƙoran ƙoƙon roba, muka ɗora shi a kan na'urar, muka tallafe shi da littattafai. Hannun ya zagaya shi da ladabi kamar yadda ya zagaya Inna.

Hoton ya fito. Tsirkiyoyi ta ko'ina, fari fat, har sun fi na Inna tsawo.

Na ce, "Inna, ga shi. Wannan bawan Allah ko Suleja bai taɓa zuwa ba, balle Makka. Murfin lemo ne a bakinsa."

Na shirya wa faɗa. Na shirya a ce mini mara kunya, a ce na haɗa ta da gunki. Inna ba ta ce ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon allon da idonta mai kyau, sannan ta juya wurin likita.

"Kowane ƙarfe haka yake yi?"

"Kowanne, Mama."

"Ko na banza?"

"Ko cokali ne."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta kwance mayafinta ta ninke a cinya. "To, ki cire."

Na yi nasara, amma ban ji daɗinta ba, ban kuma san dalili ba.

A ranar aka cire. Da haƙorin ya fito, abin da ya taru a kogon ya samu hanya ta ƙasa, inda tun farko ni zan sa magudanar. Warin ya cika ɗakin. Sai a lokacin na shaƙi abin da Inna ta yi watanni tana shaƙa ita kaɗai, muna ce mata tsufa ne. Likita ta wanke, ta ɗinke, ta jefa haƙorin a ɗan kwanon ƙarfe. Na leƙa. Ta waje yana walƙiya kamar kullum. Ta ciki kuwa, inda toka ba ta kaiwa, bakin rufin ya yi kore shar, irin koren tsohon kwabo da ya kwana a ƙasa. Likita ta ɗauke shi da hantsaki ta juya, ta buɗe baki za ta yi magana. Inna, da auduga cike da bakinta, ta miƙa hannu ta karɓe shi ta dunƙule. Suka dubi juna. Likita ta rufe bakinta ta shiga rubuta magani.

Sai da kumburin ya saɓe, idon ya buɗe, sannan ta yi maganar. Da hantsi ne, an ɗauke ruwan sama, muna zaune a baranda, matata na soya albasa a kicin. Inna ta ɗaga hanci ta ce, "Albasar nan za ta ƙone." Muka yi ta murna kamar an yi haihuwa. Ta ce garin namu ba laifi, amma Maitama har yanzu ba ta yarda da ita ba. Da matata ta koma ciki, Inna ta kwance bakin zaninta ta fito da haƙorin.

"Ka ga koren," in ji ta. Ba tambaya ba ce.

Na ce na gani.

"Malam ya kwanta ciwo a can bayan Arfa. Guzuri ya tafi a magani. Ranar da za mu wurin mai haƙori, ya ja mutumin bayan labule suna magana ƙasa-ƙasa, ya manta labule ba bango ba ne. Da aka sa mini, ya ce, ga zinariyarki, na cika alkawari. Na ce na gode, Malam." Ta juya haƙorin a tafinta. "Zinariya ba ta son toka, kai wannan. Tagulla ce ke dushewa in an bar ta kwana biyu."

Na ce, "Ya san kin sani?"

"Da ya sani, don me na yi shekarun nan ina rufe ƙofa?"

Ta ce ranar da za ta shiga na'urar, ta ɗauka asirin Malam ne zai tonu a gaban ɗansa da baƙuwa. Sai ga haske. "Na ce ashe Allah Ya dubi niyyarsa Ya cika masa maganarsa. Na yi kwanaki ina jin daɗin da ban taɓa ji ba." Ta ɗan murmusa, giɓin ya bayyana. "Sai ka zo da murfin lemo."

Ko yau aka dawo da ranar, zan sake cusa murfin nan a bakin robar, domin da idonta biyu Inna ta ƙarasa rayuwarta, da su ta ga 'ya'yana suka girma. Amma na yi kuka a barandar nan, ita ce ma ta ce in yi shiru kada matata ta ɗauka wani abu ne.

Na ce zan sa a yi mata wani, na zinariyar gaske, a nan Abuja ko a can Makka, duk inda take so. Ta ce, "Wanda zai saya mini ya riga ya saya." Da giɓinta ta zauna. Haƙorin kuwa ta naɗe shi a ƙyalle fari ta ba ni, ta ce abin da ya fita daga jikin mutum binne shi ake yi, kuma na san inda ya dace. Da na mayar da ita Zariya na je maƙabarta ni kaɗai, na tona ɗan rami a gefen Malam.

Kawu ya zo duba ta kafin mu tafi Zariyar, ransa a ɓace, yana tambayar yadda aka yi ta yarda. Inna ta ce, "Hasken ne ya yi wa idon yawa." Kawu ya jinjina kai, ya ce lallai, ai dama ya yi tunanin haka. Ya nemi a ba shi haƙorin ya ajiye a shago, ta ce an riga an samar masa inda ya fi shago.

Hoton ƙoƙon roba likita ta goge shi a gabana. Na Inna yana nan a Utako har yau, ledar ta yi ja, kalanda ta canza sau da yawa a gefensa. Inna ta rasu, Kawu ya tsufa, 'ya'yansa ke kula da shagon, shi yana zaune a kujera da sandar awonsa. Kwanakin baya na biya gaishe shi, na tarar da wani mai sayen shadda ya tsaya a gaban hoton. Kawu ya nuna ni ya ce ga ɗanta nan, injiniya ne, a gabansa aka ɗauka. Mutumin ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, kai da ka yi boko, tsakaninka da Allah, mene ne wannan?"

Na dubi ƙoƙon kan uwata, da kogonta na hagu a cike, da haƙorin da Malam ya saya mata.

Na ce, "Haske ne."